Lilon baburin zemidjan: me shokazoba ke canzawa?

Tun da aka rushe tsohon Zongon Lome a 1977 aka mai da mazaunansa arewacin birnin, bakin babbar hanya ta 1 mai zuwa Cinkassé, zirga-zirgar mutanen unguwar ta yi nisa. Yau da yawansu zemidjan suke hawa, wato abin da ake ce wa kabu-kabu a Maraɗi, acaɓa a Kano.

Idan babur ya faɗa rami, sifirin ɗinsa yakan matse ya saki, sai jikin babur ya riƙa lilo sama da ƙasa. Abin da ke kashe wannan lilo shi ne shokazoba, wadda makanikan Lome ke kira amortisseur: mai ne ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin motsin ya koma zafi.

Ana yawan zaton idan shokazoba ta mutu, lilon sauri yake ƙarawa sosai. Lissafi bai nuna haka ba. Masana kimiyyar lissafin motsi suna auna ƙarfin kashe lilo da lamba: 0 na nufin babu abin da ke tare shi, 1 kuma babur ya koma mazauninsa ba tare da lilo ba. A kan 0.3, kusa da inda ake saita motocin hawa, yawan lilo a sakan ɗaya yana raguwa da kashi 5 cikin 100 kawai. A kan 0.1, ragin rabin kashi ɗaya ne. Jikin fasinja ba zai ma ji bambancin ba.

Tsawon lilon ne ke canzawa. A kan 0.3, kowane tashi bai wuce kashi 14 cikin 100 na wanda ya gabace shi ba, kafin na uku ya lafa. Idan mai ya tsiyaye lambar ta sauka zuwa 0.05, kowane tashi yana riƙe da kashi 73 na na baya. Babur sai ya yi ta tsalle, taya tana sassauta riƙon kwalta, birki kuma ba ya ci yadda ya kamata.

Nauyi kuwa yana taɓa duka biyun. Idan fasinja da buhun masara suka ninka nauyin da ke kan sifirin, yawan lilo a sakan yana raguwa da kusan kashi 29, lambar kashe lilon ma ta sauka da kashi 29, ko da shokazobar sabuwa ce fil.