Gidan talakawan Ingila da ya zama gidan kallo

A birnin Bamingam, cikin ƙasar Ingila, akwai wani tsohon gida da mutane ke biyan kuɗi su shiga kallo. Ba gidan sarki ba ne, ba na attajiri ba. Gidan talakawa ne, ƴan haya.

An gina shi tun farkon shekarun 1800. Mutane sun cika shi a zamanin sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Tana kan gado lokacin da Tanimun ke sarautar Damagaram. A lokacin nan masana'antu sun yi yawa a Bamingam. Mutanen ƙauye suka yi ta barin gona suna zuwa neman aiki. Masu ƙasa suka ga riba, suka yi ta gina ƙananan gidaje a manne da juna, baya da baya, don kada taƙi ɗaya ya tafi banza.

Gidaje 11 ne suka kewaye tsakar gida ɗaya. Kowane gida hawa uku ne, amma kowane hawa ɗaki ɗaya tak. Bangon baya na maƙwabci ne, saboda haka ba taga sai ta gaba. Iska ba ta ratsawa.

Ba a barin mutum ya shiga shi kaɗai. Akwai ja-gora, yana ɗaukar mutane kaɗan kaɗan, don wurin ya matse. Matakalar benen ƙarama ce, tana murɗewa. Mai ƙiba sai ya yi dabara. An gyara ɗakunan an mayar da su yadda suke dā: gado, tukwane, murhun kwal, kyandir, kayan sana'a. Gidan farko na mai gyaran agogo ne, na wajen 1840. Na biyu na wajen 1870 ne, mai shi yana yin idanun gilas, na ƴan tsana da na mutanen da suka rasa ido. Ƴaƴansa da yawa, ga kuma ƴan haya da ya ƙara don a samu na biyan mai gida. Labule kaɗai ke raba gadon yara da na baƙi. Sai gidan maƙerin kwaɗo da makulli, da shagon wani tela baƙar fata da ya zo daga tsibirin Sen Kits.

A ganina abin da ya fi cancanta a tsaya a duba yana tsakar gida. Da farko babu ruwa cikin gida ko ɗaya, sai mata da yara su ɗebo daga waje su hau bene da shi. Ɗakin wanki na kowa ne, kowace mace da ranarta. Shadda ƴan kaɗan ce ga dukan mutanen gidajen nan 11, sai masu kwasa su zo da dare. Ƙazanta tana tsiyaya cikin ƙasa har ta kai rijiya. A irin waɗannan unguwanni zawo da zazzaɓin taifot da tarin fuka sun kashe yara ba iyaka. Ku da kuke jin labarin ƙasar Turawa wajen ƴan ci-rani, wannan ma ƙasar Turawa ce.

Gyara bai zo rana ɗaya ba. A 1876 hukumar gari ta karɓi aikin ruwa daga hannun kamfani, lokacin magajin gari Yusufu Cambalen. A 1904 aka jawo ruwa mai tsabta daga duwatsun Wales, tafiyar kilomita fiye da 100. A 1909 doka ta hana gina irin waɗannan gidaje. Duk da haka mutane ba su bar kwana a wannan gida ba sai 1966.

An rushe dubban irinsu a Bamingam. Wannan ya tsira don shaguna sun ci gaba da ciniki a ƙasansa. A 1988 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da ba a taɓawa. Aka tara kuɗi aka gyara, aka buɗe shi a 2004. Ƙungiyar National Trust ke kula da shi. Cikin masu zuwa kallo akwai tsofaffi waɗanda aka haifa a irin waɗannan ɗakuna, suna zuwa da jikokinsu.