Pano mai wat 100: ina sauran wutar take tafiya?

Wata mai sayar da ruwan sanyi da zoɓo a Bonkuku, babban garin Imanan, ta kawo mana kuka a gidan rediyo. Ta kwashe kuɗin adashenta ta sayi pano da batir domin firijo, amma a watan Afrilu, lokacin da ciniki ya fi kyau, sai ƙanƙara ta ƙi kamawa. Tambayarta ita ce, ba rana ce abincin pano ba?

Hajiya, haske yake ci, zafi kuwa cutarsa yake yi. Lambar da aka rubuta a bayan pano an auna ta ne a masana'anta, cikin sanyin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, pano na silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. A kan rufin kwano da tsakar rana, jikinsa kan kai digiri 65. Ki lissafa: wat 100 ya koma 84, tun ba a yi maganar ƙurar hunturu ba, ko inuwar reshen bedi da ke faɗowa a gefe guda. Ƙwayoyin pano a jere suke kamar jakunan da aka ɗaure da igiya ɗaya, in ɗaya ya tsaya duk sun tsaya. Ga shi kuma a daidai wannan lokaci firijo ya fi neman wuta.

Sai batun saye, inda aka fi cutar mata. Rana tana zuba kusan wat 1000 a kan murabba'in mita ɗaya, pano mai kyau yana kama wajen 200 kawai. Ke nan pano mai wat 100 na gaskiya, tsawonsa zai kai mita ɗaya, faɗinsa rabin mita. In aka nuna miki ɗan ƙarami kamar faifai an rubuta 300, to takarda ce ake sayar miki. Ki sa mai shago ya fito da shi rana, ya auna da mita a gabanki: na wat 100 ya kamata ya ba da amfiya 5 zuwa 6. Wanda ya ƙi, kin ga amsa.

A gida, a bar tazara tsakanin pano da kwano don iska ta ratsa, a goge shi da sassafe da tsumma mai laushi.

Wannan aune-aune ba baƙo ba ne gare mu. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana jagorantar ONERSOL, ofishin binciken hasken rana da aka kafa a 1965.

Yanzu masana a Jamus, Sin da Amurka suna fama da wani sabon iri, pano na roba, marar nauyi, mai naɗewa kamar tabarma. Asalinsa binciken robar da ke ɗaukar wuta ne, wanda ya ci kyautar Nobel a 2000. A ɗakin gwaji ya kai kusan kashi 20 cikin 100, amma a ƙanana ƙanana. Matsalarsa biyu: wani ɓangare na ƙarfin hasken yana zubewa a cikin robar kafin ya fito a waya, fiye da yadda yake zubewa a silikon, sannan zafi da iska da laima suna tsufar da shi da wuri. Na silikon ana ba shi garantin shekara 25. Ni dai ban ga rufin kwano a Kurfai da zan ɗora na roba a kai ba tukuna.