Yaro Mai Taurin Kai Da Saurin Fushi

Ƴan'uwa iyaye da malamai, kusan kowace makaranta akwai yaron da in an ce ya biya karatu sai ya yi jifa da allo, ya hau ihu. Nan da nan mukan ɗauko dorina. To amma yaron da zuciya ta ɗebe shi ba ya jin wa'azi a lokacin, duka kuwa sai dai ya koya masa duka.

Sunna ta koyar da mai fushi ya zauna in yana tsaye, ko ya yi alwala. Mu manya wannan ya fara kamawa. Sai yaron ya huce a ja shi gefe, ba gaban ƴan'uwansa ba, a tambaye shi me ya faru. Sau da yawa yunwa ce, ko rashin barci, ko karatun ya fi ƙarfinsa yana kunyar faɗi. Dokoki su zama kaɗan, uwa da uba bakinsu ɗaya. Ranar da ya danne zuciyarsa a yaba masa nan take, wannan kam mukan manta.

In abin ya wuce wata 6, ko yana ji wa mutane ciwo, kada a tsaya ga cewa aljanu ne. A ci gaba da addu'a, a kai shi wurin likita.