Lambar da Ke Cikin Waya Ba Ta San Jujin Unguwa Ba

Hazon da ke lulluɓe Zariya a lokacin hunturu, mafi yawansa yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wato busasshen gindin tsohon tafkin Chadi, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta ɗebo ƙura ta yo kudu da ita. Masana yanayi suna hasashen tafiyar wannan ƙura da ta hayaƙi ta hanyar lissafin kwamfuta wanda ke yanka sararin duniya gida-gida kamar gidajen dara, a ba kowane gida lamba ɗaya ta ƙura da lamba ɗaya ta ƙarfin iska, kuma girman gidan shi ke yanke abin da lissafin zai iya gani. A yawancin lissafin sauyin yanayi na duniya, faɗin gida ɗaya yakan kai kilomita 100 ko fiye, saboda haka duwatsu kan baje, matsewar iska ta ragu, ƙurar da ake hasashe ta gaza wadda ta tashi a zahiri, kuma guguwar ƙurar da ke riga hadarin farkon damina isowa takan kuɓuce wa lissafin.

Hatta hasashen shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda manhajojin waya da dama ke ɗauko bayanan ingancin iska daga gare shi, faɗin gidansa kimanin kilomita 40 ne, wato fili mai murabba'in kilomita 1,600 yake ba lamba ɗaya. Gida irin wannan yana iya haɗiye Tudun Jukun da Samaru da Sabon Gari da cikin birni da gonakin da ke kewaye da su, ya cakuɗa iskarsu ya fitar da matsakaici, ga shi kuma na'urorin auna iska da aka girke a ƙasa ba su da yawa a arewacin Najeriya, balle su gyara lambar.

Abin takaici shi ne yadda har masu ilimi ke duba waya, su ga lambar ranar ba ta yi muni ba, su saki jiki, alhali a ƙarshen lungunsu an cinna wa juji wuta tun magariba. Jujin yanzu leda ce da robar ruwa da tsumma da tsohon batir, waɗanda ba sa cin wuta su ƙare, sai dai su kwana suna turnuƙewa. A daren hunturu iska mai sanyi takan kwanta ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, hayaƙin ya rasa hanyar tashi, ya tsaya daidai tsayin hanci har hantsi. Cikinsa yara ke ratsawa zuwa makarantar allo da asuba, cikinsa mai ƙosai ke zama da kaskonta, wasu samari kuma su ƙara da ƙona taya don jin ɗumi, sannan a ɗora wa hunturu laifin tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ƙwayoyin da suka fi cutarwa su ne waɗanda faɗinsu bai wuce mikromita 2.5 ba, waɗanda ke ratsa huhu har su shiga jini, kuma a shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade matsakaicinsu na yini a mikrogram 15 cikin kowace kubik mita ɗaya ta iska. Hayaƙin leda da taya cike yake da irinsu.

Gargaɗin hazo da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa abin kiyayewa ne, domin ƙurar Sahara mai faɗi ce, lissafi yana ganinta. Hayaƙin lungu kuwa hanci da ido ne ma'auninsa: inda ake jin ƙaurin roba, to a sa wa yara da tsofaffi da masu asma takunkumi, a rufe tagar da ke fuskantar jujin, komai waya ta nuna. Masu unguwanni da limamai a Tudun Jukun su haramta cinna wa juji wuta, musamman daga magariba zuwa hantsi, ƙaramar hukuma kuma ta riƙa kwashe shara a kan lokaci tun kafin wani ya kai mata ashana.