Ina Ƙuri'ar Mutanen Duza Take Karkata?

Duza ƙauye ne a ƙasar Anka, yamma da Gusau. Shi da maƙwabtansa na Bukkuyum da Gummi suna cikin mazaɓar Zamfara ta Yamma, tare da Bakura da Maradun da Talatar Mafara. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da masu haƙar zinariya, ga malamai da fatake. Wanda duk ya san yadda suke jefa ƙuri'a, to, ya san rabin siyasar Zamfara.

A zamanin En'e, wannan ƙasa tana cikin Lardin Sakkwato, lardin Sardauna Ahmadu Bello. A zaɓen Tarayya na Disamba 1959 maza kaɗai ke da ƙuri'a a Arewa, kowane ɗan takara kuwa da akwatinsa da alamarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Lardin ya bi fartanya, gama a lokacin talaka yakan dubi inda hakimi da dagaci suka fuskanta, sa'an nan ya bi. Mata ba su shiga zaɓen Tarayya ba sai 1979, shekarar da Jihar Sakkwato ta zaɓi NPN ta Alhaji Shehu Shagari.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996, sai al'amari ya sake kama. A 1999 Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura ya ci gwamna a APP, a watan Oktoba na wannan shekara kuwa ya shelanta Shari'a a Gusau. Wannan ya ɗaura zukatan malamai da almajirai da jam'iyyarsa, wadda ta koma ANPP, har jihar ta yi ta zaɓenta a 2003 da 2007 da 2011, alhali PDP ce ke mulkin Tarayya. Da ANPP ta narke cikin APC a 2013, jama'a suka bi shugabanninsu can, suka sake zaɓen Abdul'aziz Yari a 2015.

Abin lura na farko ke nan: mutanen nan mutum suke bi, sunan jam'iyya kuwa riga ce, ana tuɓewa a sa wata. Na biyu kuma, sun iya raba ƙuri'a. A 2011 sun ba Janar Muhammadu Buhari na CPC ƙuri'ar shugaban ƙasa, suka ba ANPP ta gwamna. A 2023 jihar ta zaɓi Bola Tinubu na APC a watan Fabrairu, kana a watan Maris ta kayar da gwamnan APC mai ci, Bello Matawalle, ta ɗora Dauda Lawal na PDP.

Na uku, ba kullum akwati ke yanke hukunci ba. A 2019 APC ce ta fi ƙuri'a, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta duka, saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Kujeru suka faɗa hannun PDP. Bayan shekara biyu, a 2021, gwamnan da ya hau ta wannan hanya ya koma APC. Wanda ya sha rana a layi sai ya ga kamar ya shuka gero ne ya girbe dawa.

To, me Duza ta samu? Gwamnoni uku sun fito daga Zamfara ta Yamma, watau Yarima daga Bakura, Yari daga Talatar Mafara, Matawalle daga Maradun, amma ko ɗaya bai fito daga Anka ko Bukkuyum ko Gummi ba. A 2010 gubar dalma ta bayyana a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka ɗauki nauyin magani, Bagega kuwa ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013. Bayan wannan sai ga 'yan bindiga. A Janairu 2022 sun afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi asarar rayuka masu yawa, dubbai suka bar gidajensu. Mutumin da ya yi hijira kuwa, rumfar zaɓensa ta yi masa nisa.

Saboda haka abin da ke auna ƙuri'a a nan ya sauya. Da ana tambaya, wa Sarki yake so? Daga baya, wa ya tsaya wa Shari'a? Yanzu kuwa, wa zai sa manomi ya je gona ya komo lafiya, falke ya kai kaya kasuwar Gummi ba a tare shi ba?

Malamai da attajirai su ne ake jin maganarsu a zaure da kasuwa. Ƙuri'a shaida ce, mai sayar da shaidarsa don atamfa ko mudun shinkafa kuwa ya sayar da shekara huɗu. Ya kamata su riƙa tuna wa jama'a wannan tun kafin masu kamfe su iso. Allah ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.