Mai Ciwon Daji Ya Ƙi Abinci? A Dakata Da Sayen Bitamin

Da zarar mai ciwon daji ya fara ture kwano, hankalin dangi sai ya tashi, a ruga kemis a kwaso ƙwayoyin bitamin C da E da silinyam, waɗanda ake tallatawa da sunan antioksidan. Wai suna buɗe ciki, suna wanke jini. Niyyar mai kyau ce, amma akwai haɗari.

Aikin antioksidan shi ne kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa. Shi kuwa gashin da ake yi wa daji a asibiti, da wasu magungunan daji da ake kira kimo, lalata ƙwayoyin dajin suka zo yi. Ka ga ke nan wanda ya ɗirka wa mara lafiya ƙwayoyin nan yana iya ba cutar garkuwa bai sani ba.

Ko ga masu lafiya ma ba a ga alherinsu ba. A Finlan an gwada bita-karotin, wanda shi ma antioksidan ne, a kan maza mashaya taba wajen 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna dajin huhu ƙaruwa ya yi da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka kuma, a 2011, aka gano bitamin E ya ƙara dajin mafitsarar maza, wato furostet, da kashi 17.

Rashin cin abincin fa yana da dalilai: tashin zuciya bayan kimo, gyambon baki, ɗanɗano da ya canja, cushewar ciki saboda maganin zafi irin su mofin, ko damuwa. Wani lokaci cutar ce da kanta ke cin tsoka. Yawancinsu likita na da abin da zai yi a kai, har da maganin buɗe ciki idan ya ga ya dace.

A gida a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa da madara, fura da nonon da aka dafa, ƙwai, alale, romon kifi. Lemo da gwanda da zogale a miya duk ba laifi, domin abin da ke cikinsu bai kai na ƙwaya yawa ba. Kuma don Allah a daina tilasta masa da faɗa. Ba taurin kai ba ne.

'Yan'uwa, duk ƙwaya ko jiƙo ko garin da aka kawo, ku tattara ku nuna wa likitansa kafin ya kai baki.