Ko Ka Sani? Yadda Ƙwayar Mura Take Harhaɗa Kanta

Ko ka sani cewa ƙwayar cutar mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, wadda kuma ta hallaka miliyoyin bayin Allah a annobar 1918, ba ta da ikon ƙera ko da gaɓa ɗaya ta jikinta? Babban guzurinta gutsattsarin saƙon gado ne guda takwas, amma yawancin kayan aiki da ma'aikata na ƙwayar halittar maƙogwaron mutum ne, wadda take yi mata hidima bisa tilas.

Da zarar cutar ta kutsa ciki, sai ƙwayar halittar ta shiga karanta wannan saƙo tana saƙa furotin, wanda a farkon fitowarsa dogon zare ne kurum, ba shi da wata fa'ida sai an naɗe shi bisa ƙa'ida, kamar yadda ƙyalle ba ya zama rawani sai ya sha naɗi. Mafi shahara a cikin furotin ɗin cutar shi ne hemagulutinin, mai ɗauke da ɗigon amino asid fiye da 500. Tun bai gama fitowa ba ake maƙala masa sukari, sa'an nan wasu hadimai biyu na jikin ɗan Adam, kalneksin da kalretikulin, su riƙe shi ta wannan sukarin har naɗinsa ya inganta. In ya karkace a tsare shi a sake, in ya ƙi gyaruwa a rushe shi. Waɗanda suka tsira kuwa sai su haɗu uku-uku su zama tsinke guda, wanda malamai uku, Wilson da Skehel da Wiley, suka bayyana siffarsa a 1981.

Abin ta'ajibi shi ne, wannan naɗi na wucin gadi ne, domin idan sabuwar ƙwayar halitta ta haɗiye cutar ta jefa ta cikin wata 'yar jaka mai tsami, tsamin nan shi ne ke sa tsinken ya warware farat ɗaya, ya soki bangon jakar, ya buɗe wa saƙon gado ƙofa.

Bayan an kammala gaɓoɓi, sai tsinkayen su taru a fatar ƙwayar halitta, gutsattsarin nan takwas su iso a jere, ɗaya a tsakiya bakwai na kewaye da shi, fatar ta kumbura ta tsinke da su. Duk da haka jaririyar ƙwayar tana nan manne, har sai wani furotin mai haɗuwa huɗu-huɗu, nuraminides, ya yanke maƙalin. Shi ne wanda maganin Tamiflu yake toshe wa baki.

A wurin jeren nan ne musiba take ɓuya, gama idan nau'i biyu suka shiga ƙwayar halitta ɗaya, gutsattsarinsu kan cakuɗe, a sami sabon iri wanda jiki bai san shi ba. Haka aka yi a 1957 da 1968 da 2009, kuma dalili ke nan da ya sa masana ba su ɗauke ido daga murar tsuntsaye da ta aladu.